Nisabin Harajin Fili a Ostireliya: Jagora ga Mai Son Riƙe Gida a Ƙarƙashin Amana

Iyalai da yawa a Ostireliya ba sa rubuta gidan hayar da suka saya da sunan mutum ɗaya. Suna kafa abin da dokar ƙasar ke kira amana, wato tsarin da ake naɗa wani mutum ko kamfani ya riƙe dukiya a hukumance, alhali amfaninta na wasu ne da aka ambata a rubuce. Dalilan yin haka sanannu ne: kare gida daga masu bin bashi idan kasuwanci ya karye, raba kuɗin haya tsakanin mutanen gida, da sauƙaƙa wa magada. Abin da ake yawan mantawa shi ne harajin fili, wanda ake biya kowace shekara muddin ana riƙe da kadarar, kuma wanda nauyinsa kan amana yakan ninka nauyinsa kan mutum. A wata jiha, filin da ba za a karɓi ko sisi a kansa ba da sunan mai shi yake, sai a karɓi dubban daloli a kansa duk shekara saboda kawai an sa shi a amana.

Kafin a shiga matakan, ya kamata a daidaita kalmomi. Wanda ke riƙe da dukiyar shi ne amintacce, waɗanda ake riƙe ta dominsu su ne masu cin gajiya, takardar da ta kafa tsarin kuma ita ce kundin amana. Wannan amanar dabam take da wakafi, domin ba sadaukar da dukiya aka yi ba, kuma ana iya rushe ta a raba abin da ke cikinta. Adadin da haraji ke farawa daga kansa kuwa zan kira shi nisabi, kamar yadda muke faɗa a zakka, tun da ma'anar ɗaya ce: wanda dukiyarsa ba ta kai shi ba, babu komai a kansa. Duk kuɗin da za a ambata dalar Ostireliya ce.

Mataki na farko: a san jihar da filin yake, da daren da ake ƙirga shi

Harajin fili a Ostireliya ba na gwamnatin tarayya ba ne. Tarayya ta taɓa karɓarsa daga 1910 zuwa 1952, sannan ta bar wa jihohi, saboda haka kowace jiha tana da dokarta, da nisabinta, da hukumar da ke karɓa. Jihar da filin yake ita ce ke da iko a kansa, ko da mai shi yana zaune a wata jiha, kuma kowace jiha filayen da ke cikin iyakarta kaɗai take haɗawa. Jihar Kwinslan ta taɓa shirin sa filayen da mutum ya mallaka a wasu jihohi cikin lissafinta, amma ta janye shirin a 2022.

Ana duba wanda ya mallaki fili a wani dare guda a shekara. A jihar Niyu Saut Wels, wadda ake taƙaita sunanta da NSW kuma Sidni ce babban birninta, da jihar Biktoriya inda Melbon take, daren shi ne tsakar daren 31 ga Disamba, kuma harajin na shekarar da ke biye ne. A Kwinslan, da Ostireliya ta Kudu, da Ostireliya ta Yamma, tsakar daren 30 ga Yuni ake dubawa. Amanar da ta karɓi gida a Melbon ranar 20 ga Disamba za ta biya harajin shekara mai zuwa cikakke, wadda ta karɓa ranar 5 ga Janairu kuwa ba za a aiko mata da takardar wannan shekarar ba. Don haka ranar kammala ciniki abu ce da ake tattaunawa da lauya tun kafin sa hannu. Yankin Arewa, wanda Darwin ce hedikwatarsa, ba ya karɓar harajin fili sam.

Mataki na biyu: a nemo darajar filin shi kaɗai

Ba a kan kuɗin da aka sayi gida ake ɗora harajin ba. Ana ɗora shi ne a kan darajar ƙasar da ginin ke tsaye a kanta, ba tare da ginin ba, kamar yadda babban jami'in ƙiyasta filaye na jihar ya yanke. Gidan da aka saya dala 1,400,000 yana iya kasancewa a kan filin da aka ƙiyasta dala 800,000, kuma wannan adadi na biyu shi ne abin lissafi. Ɗakin bene a cikin babban gini yakan zo da ƙaramin kaso na filin, shi ya sa harajinsa ya fi na gida mai tsakar gida sauƙi ko da farashinsu ɗaya ne.

Ana samun adadin a takardar kuɗin ƙaramar hukuma ko a sanarwar ƙiyasi, kuma mai saye yana da damar neman ganinsa daga dillali. NSW tana amfani da matsakaicin darajar shekara uku. Kwinslan tana ɗaukar mafi ƙanƙanta tsakanin darajar bana da matsakaicin shekara uku. Biktoriya kuwa tana sake ƙiyasi kowace shekara bisa darajar ranar 1 ga Janairu. Bayan an samu adadin, sai a haɗa shi da darajar duk sauran filayen da amanar ke riƙe da su a jihar, domin jimilla ake gwadawa da nisabi, ba kowane fili shi kaɗai ba.

Mataki na uku: a karanta kundin amana, a gane wace iri ce

A nan ne mafi yawan asara ke faruwa, kuma a nan ya kamata a daɗe. Hukumar haraji ba ta damu da sunan da aka rubuta a bangon kundin ba. Abin da take dubawa shi ne ikon da kundin ya bai wa amintacce, da haƙƙin da ya bai wa masu cin gajiya.

Iri na farko shi ne amanar ganin dama, wadda aka fi sani da amanar iyali. A cikinta babu wanda ke da rabo tabbatacce. Amintacce ne ke zaɓar wanda zai bai wa kuɗin shiga a kowace shekara da adadin da zai ba shi, daga cikin jerin mutane mai faɗi. Wannan sassauci shi ne ke jan hankalin iyalai, kuma shi ne dalilin da hukumomin haraji ke tsananta mata. Tun da ba a san wa ke da filin ba, ba za a iya haɗa shi da sauran filayen kowa ba, kuma da an bar ta da cikakken nisabi, da mai filaye goma ya kafa amana goma ya kuɓuta daga haraji gaba ɗaya. A ganina wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma duk mai neman fahimtar dokokin zai fi saurin gane su idan ya riƙe ta a ransa.

Iri na biyu shi ne amana mai ƙayyadadden rabo, inda kundin ya bayyana kason kowane mai cin gajiya, kuma amintacce ba shi da ikon ragewa ko ƙarawa. Iri na uku shi ne amanar hannun jari, wadda ake raba dukiyarta zuwa kaso-kaso kamar hannun jarin kamfani, kowa ya sayi adadin da yake so. Mutane da yawa suna ɗauka cewa wannan ta uku daidai take da ta biyu, tun da kowa ya san yawan kasonsa. Kotun Ƙolin Ostireliya ta nuna akasin haka a 2005, a shari'ar kamfanin CPT Custodian da kwamishinan harajin Biktoriya, inda ta yanke cewa masu kaso a amanar da aka kawo gabanta ba su ne masu filin ba a idon dokar harajin fili. Bayan wannan hukunci ne jihohi suka gyara dokokinsu, kuma ƙarin harajin amana na Biktoriya ya fara aiki a 2006.

A NSW, dokar gudanar da harajin fili ta 1956 ta gindaya sharuɗɗa kafin a ɗauki amanar hannun jari a matsayin mai ƙayyadadden rabo. Dole kundin ya faɗa a sarari cewa masu cin gajiya suna da haƙƙi na yanzu a kan kuɗin shiga bayan an cire kuɗin gudanarwa, suna da haƙƙi na yanzu a kan uwar dukiyar, suna iya tilasta wa amintacce ya rushe amanar ya raba musu abin da ke ciki, kuma babu wani ikon ganin dama da zai iya cire waɗannan haƙƙoƙi ko ya taƙaita su. Kundin da aka sayo a shirye daga intanet sau da yawa yana ɗauke da sakin layin da ya ba amintacce damar ajiye wani ɓangare na kuɗin shiga, ko fitar da kaso iri-iri masu haƙƙi daban-daban. Sakin layi ɗaya irin wannan ya isa ya mayar da amanar abin da jihar ke kira amana ta musamman, wadda ba ta da nisabi ko kaɗan.

Akwai amanonin da dokokin suka ware suka sassauta musu. Asusun fanshon kai, wato asusun fansho da masu shi ke gudanarwa da kansu, idan yana bin ƙa'ida yana samun nisabin kowa, wato wanda ake bai wa mutum, a NSW, kuma ba a ɗora masa ƙarin amana a Biktoriya. Haka nan akwai rangwame ga amanar jin ƙai, da amanar da aka kafa domin mai buƙata ta musamman, da dukiyar mamaci a lokacin da ake tattara ta kafin rabo. Wanda yake ganin amanarsa na cikin waɗannan sai ya gabatar da kundin ga hukumar ta tabbatar a rubuce.

Mataki na huɗu: a yi lissafi sau biyu, ɗaya da sunan mutum, ɗaya da sunan amana

Mu ɗauki fili guda mai darajar dala 800,000, gidan haya ne, kuma mai shi ba shi da wani fili mai haraji a jihar.

A NSW nisabin kowa shi ne dala 1,075,000, kuma gwamnatin jihar ta tsayar da shi a kan wannan adadi tun daga 2025 maimakon ɗaga shi duk shekara kamar da. Wanda ya haura shi yana biyan dala 100 da kashi 1.6 cikin 100 na abin da ya haura, har zuwa nisabi na sama, wato dala 6,571,000, inda kason ke komawa 2 cikin 100. Mutumin da ya riƙe filin misalinmu da sunansa ba zai biya komai ba. Amana ta musamman kuwa tana biyan kashi 1.6 cikin 100 tun daga dala ta farko, wato dala 12,800 a shekara. A shekara goma, ko da darajar filin ba ta motsa ba, kuɗin ya kai dala 128,000. Amana mai ƙayyadadden rabo tana samun nisabin, amma ana ɗaukar masu cin gajiyarta a matsayin masu filin, sai a haɗa kason kowa da filayensa na kansa, a rage masa wani abu domin kada a biya sau biyu.

A Biktoriya dokar ita ce ta 2005. Tun daga 2024, a ƙarƙashin shirin biyan bashin da jihar ta ci lokacin korona, wanda aka tsara zai kai 2033, nisabin kowa ya sauko daga dala 300,000 zuwa dala 50,000. Nisabin amana kuwa dala 25,000 ne. Mutum mai fili tsakanin dala 600,000 da miliyan ɗaya yana biyan dala 2,250 da kashi 0.6 cikin 100 na abin da ya haura 600,000, saboda haka harajin misalinmu dala 3,450 ne. Amana a wannan zango tana biyan dala 4,263 da kashi 0.975 cikin 100 na abin da ya haura, wato dala 6,213. Bambancin dala 2,763 ne a shekara. Ƙarin da ake ɗora wa amana kashi 0.375 cikin 100 ne, yana fara raguwa daga dala 1,800,000, kuma yana ɓacewa a dala miliyan 3, inda amana da mutum ke biyan abu ɗaya, wato dala 31,650 da kashi 2.65 cikin 100 na abin da ya haura. Ma'anar wannan ita ce ƙarin ya fi danne ƙaramin mai zuba jari fiye da babba, kuma abu ne da ya dace iyali mai gida ɗaya ko biyu su yi la'akari da shi sosai.

Biktoriya ta bar ƙofa ga amana mai ƙayyadadden rabo da amanar hannun jari. Idan amintacce ya sanar da hukumar harajin jihar sunayen masu cin gajiya da kason kowa, za a caje shi kamar yadda ake cajin mutum, ba tare da ƙarin ba, sannan a haɗa kason kowane mai cin gajiya da nasa filayen. Wannan yana da riba idan masu cin gajiyar ba su da wasu filaye masu yawa. Idan kuwa ɗayansu ya riga ya mallaki filaye na miliyoyi, sanarwar za ta iya tura shi zango mafi tsada, har abin da aka biya gaba ɗaya ya fi ƙarin da aka guje wa. Sai an yi lissafin kowane mai cin gajiya ɗaya bayan ɗaya kafin a miƙa takardar.

A Kwinslan, inda Birisben take, dokar 2010 ce ke aiki, kuma ba ta bambanta amanar ganin dama da mai ƙayyadadden rabo wajen nisabi. Mutum yana da nisabin dala 600,000, amintacce da kamfani kuwa dala 350,000. Mutum zai biya dala 500 da kashi 1 cikin 100 na abin da ya haura 600,000, wato dala 2,500 a misalinmu. Amintacce zai biya dala 1,450 da kashi 1.7 cikin 100 na abin da ya haura 350,000, wato dala 9,100.

Ostireliya ta Kudu ta bi sahun Biktoriya tun daga shekarar haraji ta 2020 zuwa 2021, da nisabin dala 25,000 ga amana da ƙarin da ke kai rabin kashi ɗaya cikin 100. Ostireliya ta Yamma tana da nisabin dala 300,000 kuma ba ta ɗora wa amana ƙari na musamman.

Ba a kowane hali ne amana ke jawo asara ba, kuma adalci ne a nuna ɗaya ɓangaren. Harajin fili yana hawa ne da hawan jimilla, kuma filin da ke amanar ganin dama ba a haɗa shi da na mutum. Mu ɗauki wanda ya riga ya mallaki filaye na dala 900,000 da sunansa a Kwinslan, yana biyan dala 3,500. Idan ya ƙara fili na dala 300,000 da sunansa, jimillar ta zama 1,200,000, harajin ya koma dala 7,800, wato ƙarin dala 4,300. Idan ya sa sabon filin a amana, bai kai nisabin 350,000 ba, don haka babu komai a kansa. A Biktoriya ma, mai filaye na dala miliyan 2 da ya ƙara na dala 500,000 da sunansa zai biya kashi 1.65 cikin 100 a kan ƙarin, wato dala 8,250, alhali a cikin amana harajin sabon filin bai wuce dala 3,589 ba. A NSW kuma, wanda ya riga ya cinye nisabinsa zai biya kashi 1.6 cikin 100 a kan duk abin da ya ƙara, ko da sunansa ko da sunan amana, saboda haka bai yi asarar komai ba. Hukuncin ya dogara ne a kan abin da mutum ya riga ya mallaka a wannan jihar.

Akwai iyaka ga wannan dabara. Kwinslan tana haɗa filayen amana biyu ko fiye idan amintaccensu ɗaya ne kuma masu cin gajiyarsu da kasonsu ɗaya ne, don haka kwafe kundi ɗaya sau uku ba ya haifar da nisabi uku. Kuma kowace amana tana da kuɗin kafawa, da kuɗin akanta na shekara, da kuɗin rajistar kamfanin da ke zaman amintacce, waɗanda dole a cire su daga ribar da ake hange.

Mataki na biyar: a duba ko kundin ya buɗe ƙofa ga dangin da ke ƙasashen waje

Wannan mataki ya fi shafar 'yan ci-rani, ciki har da Hausawan da suka zauna a Sidni ko Melbon suka bar iyaye da 'yan'uwa a gida. Kundin amanar iyali yakan jera masu cin gajiya da faɗi ƙwarai: mai kafa ta, da matarsa, da 'ya'yansu, da iyayensu, da 'yan'uwansu, da 'ya'yan 'yan'uwansu. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma ƙanin da ke Kano ko gwaggon da ke Damagaram sun shiga jerin ta hanyar dangantaka.

A NSW, amanar ganin dama da ke riƙe da filin zama ana ɗaukarta ta baƙi muddin akwai wani ɗan ƙasar waje da zai iya cin gajiyarta, ko da ba a taɓa ba shi sisi ba kuma babu niyyar ba shi. Hanyar kuɓuta ita ce kundin ya fitar da baƙi daga jerin, kuma ya hana a sake mayar da su ta hanyar gyara. An ba tsofaffin amanoni wa'adin 31 ga Disamba 2020 su yi wannan gyara. Ƙarin harajin baƙi ya kai kashi 5 cikin 100 tun daga 2025, ba shi da nisabi, kuma ana ɗora shi a kan harajin da aka saba. A misalinmu na dala 800,000, wannan dala 40,000 ne a kan 12,800, jimilla dala 52,800 a shekara ɗaya, abin da kuɗin hayar gidan da wuya ya biya. Ɗan ƙasa ba baƙo ba ne a wannan doka. Mai izinin zama na dindindin kuwa sai ya yi kwana 200 a ƙasar cikin wata 12 da suka gabata kafin a cire shi daga sahun baƙi, saboda haka doguwar ziyara gida tana iya sauya matsayinsa.

Biktoriya tana karɓar kashi 4 cikin 100 daga masu fili da ba mazauna ba tun daga 2024, kuma amanar ganin dama tana faɗawa ciki idan wanda kundin ya keɓe da ambato a matsayin mai cin gajiya ba mazauni ba ne. Ana buƙatar sanar da hukumar kafin 15 ga Janairu. Kwinslan ta ɗaga nata ƙarin zuwa kashi 3 cikin 100 a 2024.

Na san cewa cire iyaye da 'yan'uwa daga takarda yana yi wa mutum nauyi a zuciya, domin da yawa saboda su aka yi tafiyar tun farko. Amma sakin layin bai hana taimakon dangi ba. Mai cin gajiyar da ke Ostireliya, bayan ya karɓi rabonsa ya biya harajinsa, kuɗin nasa ne, yana iya aika wa wanda ya ga dama.

Mataki na shida: kada a sa gidan da ake zaune a ciki cikin amana ba tare da dogon nazari ba

Gidan da mutum ke zaune a ciki da sunansa ba a biya masa harajin fili. A NSW wannan afuwa ba ta shafi amana ta musamman ko kamfani ba, don haka iyalin da suka sa gidansu a amanar iyali za su biya kashi 1.6 cikin 100 duk shekara a kan ɗakin da suke kwana. A Biktoriya amintaccen amanar ganin dama yana iya ayyana mai cin gajiyar da ke zaune a gidan, sai a cire ƙarin amana a caje gidan shi kaɗai kamar yadda ake cajin mutum, amma harajin bai faɗi gaba ɗaya ba. Kwinslan tana yafewa ne idan dukkan masu cin gajiya a gidan suke zaune. Bayan wannan, afuwar da gwamnatin tarayya ke yi wa gidan zama daga harajin ribar sayarwa ba ta kai ga amanar ganin dama ba.

Mataki na bakwai: sanarwa, rajista, da ƙorafi

Nauyin sanar da hukuma yana kan amintacce, kuma rashin zuwan takardar haraji ba ya nufin babu bashi. A Biktoriya dole a sanar da hukumar cikin wata ɗaya da amana ta mallaki fili. Wannan yana da muhimmanci domin takardar mallaka sunan amintacce kaɗai take nunawa, sai hukumar ta ci gaba da cajinsa kamar yadda ake cajin mutum, ranar da ta gano kuskuren kuma ta dawo da lissafin shekarun baya tare da tara da kuɗin jinkiri. A NSW ana yin rajista da hukumar Revenue NSW zuwa 31 ga Maris, kuma amana ta musamman tana yin rajista komai ƙanƙantar filinta, tun da ba ta da nisabi.

Idan takardar haraji ta iso, a duba abu huɗu: ko filayen da aka jera duk na amanar ne a daren ƙirga, ko darajar ta dace da sanarwar ƙiyasi, ko an sa amanar a ajin da ya dace, da ko an manta wata afuwa. A NSW, da Biktoriya, da Kwinslan wa'adin ƙorafi a kan lissafin haraji kwana 60 ne, kuma shigar da ƙorafi ba ya ɗage wajibcin biya a kan lokaci. Mai saye kuma ya tabbatar lauyansa ya samo takardar shaidar cewa babu bashin harajin fili a kan kadarar, domin bashin yana bin filin ne zuwa hannun sabon mai shi.

Idan gidan ya riga ya shiga amana

Fitar da gida daga amana zuwa sunan mutum ana iya ɗaukarsa tamkar sayarwa, sai ya jawo harajin sauya mallaka na jiha da harajin ribar sayar da kadara na tarayya, waɗanda a haɗe suna iya fin harajin fili na shekaru masu yawa. Gyara kundin ma yana da nasa haɗarin, domin idan gyaran ya sauya ainihin haƙƙin masu cin gajiya, hukuma tana iya ɗaukarsa a matsayin rushe tsohuwar amana da kafa sabuwa. Ƙara sakin layin fitar da baƙi, ko daidaita amanar hannun jari da sharuɗɗan NSW, gyare-gyare ne da lauyoyin fannin suka saba yi, amma sai an fara duba ko kundin ya ba amintacce ikon gyara, da yadda ya ce a yi shi. Kuma gyaran yana amfani ne ga shekarar da aka kammala shi kafin daren ƙirgarta.

Wanda zai je wurin lauya ko akanta ya tafi da kundin na asali da duk gyare-gyarensa, da takardun haraji na shekarun baya, da sanarwar ƙiyasin kowane fili, da jerin filayen da kowane mai cin gajiya ya mallaka da sunansa a jihar, da bayanin matsayin zaman kowa a ƙasar. Ya nemi a rubuta masa adadi uku bisa jadawalin shekarar da ake ciki: harajin da zai biya cikin shekara goma idan aka bar gidan yadda yake, kuɗin gyara kundin da abin da gyaran zai rage, da cikakken kuɗin fitar da gidan daga amanar. Idan filin a NSW ko Biktoriya yake, ya fara wannan aiki tun watan Oktoba, domin a sa hannu a kan duk wani gyara kafin tsakar daren 31 ga Disamba.